Yadda Ake Bin Salsalar Gida Da Adana Ta

Ranar sadakar bakwai ɗin kakata, wadda ta haifi mahaifina, wani dattijo ya zo gaisuwa daga wani ƙauye na ƙasar Katsina. Ya zauna a zaure ya yi addu'a, sannan ya ce shi ɗan'uwanmu ne na jini. Mun kusa ashirin a zauren nan, har da masu furfura, amma aka rasa wanda zai faɗi ta inda muka haɗu da shi. Kowa sai ya ce, "Ai da Hajiya tana nan da yanzu ta warware." Shekara uku ina cewa zan zauna da ita in rubuta, kullum ina ɗagawa sai an yi hutu. Abin da zama biyu ya ishe ni in ji daga bakinta, shi na shafe shekaru ina bin gidaje ina tsinta. Tsarin da zan shimfiɗa a nan daga wannan yawon na koye shi.

Kafin komai ka gyara niyya. Akwai hadisi a Tirmizi da ya yi umarni mu koyi nasabarmu gwargwadon abin da za mu sada zumunci da shi. Wanda ya fita da wannan niyya, duk abin da ya tarar zai iya rubutawa. Wanda kuwa ya fita neman a ce shi jinin sarauta ne, tun kafin ya tambayi kowa ya riga ya yanke abin da yake son ji.

Fara da abin da ka sani

Ka sayi littafi mai bango mai tauri, ka sa wa shafukansa lamba. Kowane mutum shafinsa daban: sunan yanka, laƙabi, sunan uba, sunan uwa, gari da unguwa, sana'a, aurarrakin da ya yi, 'ya'yansa ɗaki-ɗaki, da inda aka rufe shi. Ka fara da kanka, sai iyayenka, sai kakanni huɗu, sai iyayen kakanni su takwas. Yawancinmu a kan takwas ɗin nan muke kakarewa, musamman ɓangaren mata. Duk gurbin da ya zama wayam, shi ne tambayar da za ka ɗauka ka fita da ita. Daga kanka ake hawa sama. Kada ka ɗauko wani mashahuri na zamanin jihadi ka ce za ka gangaro har ka iske kanka.

Zama da tsofaffi

Nan aikin yake, sauran duk cikawa ne. Ka rubuta sunayen tsofaffin danginku duka, na uwa da na uba, ka jera su ba bisa kusancin gida ba, bisa tsufa da rashin lafiya. Wanda ya fi jin jiki shi za ka fara zuwa wa, ko da yana wani gari.

Ka fifita mata. Baffa zai jero maka wane ɗan wane ɗan wane har hawa biyar, ya tsaya. Gwaggo ce za ta gaya maka matar da aka saka aka mayar, yaron da ya rasu yana goye, wadda aka kai riƙo Zariya ba ta dawo ba, da wanda ya sha nonon wa. Su suka yi jego, su suka yi rakiyar amare, su suka san gidajen da ake kai wa gara. Maganar shayarwa kuwa ba ƙarama ba ce, domin tana haramta aure, kuma babu takardar da ke ɗauke da ita.

Kada ka je hannu rabbana. Goro, turare, sabulu ko turmin atamfa, gwargwadon hali. Ka je da hantsi ko bayan la'asar, ba ranar biki ba, domin cikin hayaniya ba a samun zance mai tsawo. Ka gaisa a tsanake, ka tambayi jiki, sannan ka faɗi abin da ya kawo ka, ka nemi izinin naɗar murya. Idan an yarda, ka ajiye wayar kusa da bakin mai magana, ka fara da faɗin ranar, da garin, da sunan wanda kake tare da shi. Bayan shekara goma, murya marar wannan gabatarwa ba wanda zai san ta wace ce.

Salon tambaya shi ke buɗe baki. In ka ce, "Gwaggo, ba ni tarihin gidanmu," amsar ita ce, "Kai ɗan nan, ni me na sani?" Amma gwada cewa, "Gwaggo, ranar da aka kai ki ɗaki wa ya yi miki rakiya?" ko "Da kina yarinya, wane gida ake aiken ki da tuwon sallah?" ko "Wa ya yi miki kitson aure?" Sai ka ga sunaye suna fitowa kamar an kwance bakin buhu. Ga namiji kuma, ka tambayi gona da kasuwa da makaranta: wa ya ba da gonar nan, a gaban wa ya yi sauka, da wa suka tafi cin rani. In ta kauce ta shiga wani labari, ƙyale ta. Sau da yawa abin da kake nema a cikin kaucewar yake. In ta faɗi abin da ya saɓa da na wani, kada ka ce, "Ai Kawu ba haka ya ce ba." Rubuta ka yi shiru. Awa ɗaya ta isa zama guda, ka dawo wani makon, domin bayan tafiyarka za ta kwana tana tuno abin da ta manta.

Sai alkunya. Tsohuwa ba za ta kama sunan mijinta ba, ko na surukinta, ko na ɗan farinta. Za ta ce "Malam", ko "mai gidan", ko "wannan yaron". Kada ka matsa mata, rashin ladabi ne. Ka ce, "Sunan wa ke gare shi a cikin jikoki?" ko kai ka faɗi sunan ita ta gyaɗa kai, ko ka tafi da wata 'yar'uwa da za ta raɗa maka daga baya.

A daren da ka dawo ka saurari muryar ka kwashe ta a littafi da kalmomin mai maganar, ba da naka ba. A gefen kowane bayani ka rubuta wa ya faɗa, yaushe, kuma da idonsa ya gani ko ji ya yi.

Warware sunaye

Abin da ya fi ruɗa mai bin salsala a ƙasar Hausa shi ne ba mu da sunan gida guda da ake gada hawa-hawa. Kowa sunan ubansa yake ɗauka, wasu kuma makarantar boko ta laƙaba musu sunan gari, kamar yadda aka samu Aminu Kano da Shehu Shagari. Saboda haka mutum biyu masu sunan gari ɗaya ba lallai su haɗa komai ba, shaƙiƙai biyu kuma suna iya ɗaukar suna daban-daban a takarda.

Mutum ɗaya yana iya fito maka da suna uku. Garba da Habu da Buba duk Abubakar ne, Shehu da Mani Usman ne, Iro Ibrahim ne, Sanda Umaru ne, Indo A'isha ce, Kulu Hauwa ce, Dije Hadiza ce. Na taɓa buɗe wa mutum ɗaya shafi biyu na yi wata huɗu ina neman kabarin "ƙaninsa". Haka nan wanda ake kira Abba ko Baba ko Ummi ko Mama, sunan wani kaka ya ci aka sakaya. Wannan tsani ne mai kyau: tambayi sunan wa aka mayar, sai ka samu wani na sama da ba ka sani ba.

Laƙabi kansa shaida ne. Ɗanladi da Ladi, Bala da Laraba, Ɗanjuma da Jummai, sun gaya maka ranar haihuwa. Azumi da Tasalla sun gaya maka wata, Marka da Nomau sun gaya maka lokacin shekara. Tanko ya biyo bayan mata, Kande ta biyo bayan maza, Gambo ya biyo bayan tagwaye, don haka in ka ga Gambo ba ka ga Hassan da Husaini ba, akwai waɗanda suka faɗi daga lissafi. Talle maraya ne tun yana ƙarami. Ajuji da Ayashe suna nuna uwar ta sha binne 'ya'ya kafin su. Sani, Salisu, Rabi'u, Hamisu kuwa lissafi ne na biyu da na uku da na huɗu da na biyar, ko da yake yanzu ana raɗa su ba tare da bin lissafin ba, sai ka bincika.

Ka tabbatar da uban kowa. Agola da ɗan riƙo sukan tashi da sunan mai gidan da ya rene su. Ka rubuta duka biyun, wanda ya haifa da wanda ya rena, domin gado da aure a kan na farkon suke tafiya.

Gano shekaru

Tsofaffinmu ba sa lissafi da lamba, da aukuwa suke yi. Ka rubuta jerin manyan abubuwa a bangon littafinka ka riƙa aunawa da su. Turawa sun ci Kano da Sakkwato a 1903. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Yunwar Kakalaba 1913 zuwa 1914, annobar Marisuwa 1918, sai wasu yunwa biyu, 'Yar Buhu 1927, 'Yar Gusau 1942. Zuwan Sarauniya 1956, samun mulkin kai 1960, kisan Sardauna Janairun 1966, canjin hannun tuƙi 1972, canjin kuɗi zuwa naira da babban fari 1973, kisan Murtala 1976. A Nijar akwai yaƙin Kawusan a Agadas 1916 zuwa 1917, da juyin mulkin Kunce a 1974. Sunan yunwa yakan bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, saboda haka ka tambayi wane sarki ke kan gado a lokacin.

Zamanin sarakuna ma'auni ne mai ƙarfi. A Kano Abbas 1903 zuwa 1919, Usman zuwa 1926, Abdullahi Bayero zuwa 1953. A Katsina Dikko 1906 zuwa 1944, Usman Nagogo zuwa 1981. A Sakkwato Abubakar na uku 1938 zuwa 1988. Ka nemi irin wannan jeri na hakimai da dagatan garinku. In tsohuwa ta ce, "Ina goyon babanka aka yi canjin kuɗi," ka san an haife shi wajen 1971 ko 1972. Ka rubuta "wajen", kada ka ƙirƙiri rana da wata. In ta ce an yi mata aure shekarar zuwan Sarauniya, cire shekara goma sha huɗu ko sha biyar ka samu kusan haihuwarta.

Idan shekarar Hijira ka tarar a takarda, ka ninka ta da 0.97 ka ƙara 622. Misali 1321 za ta ba ka 1903. Kuskuren ba ya wuce shekara guda.

Takardun cikin gida

Ka roƙi a buɗe maka adaka da gafaka da ƙasan gadon tsohuwa. Malamai da yawa sukan rubuta ranar haihuwar 'ya'yansu da rasuwar iyayensu a bangon Alƙur'ani ko gefen kundi, da Larabci ko ajami. A ƙarshen littafin da aka kwafa da hannu, marubuci yakan sa sunansa da na ubansa, wani lokaci har da na malaminsa da shekara. In ba ka iya karatun warash ba, kai wa alaramma, amma kada ka bar masa takardar ta kwana. Sai takardar haraji da ta jangali, takardar sayen gona ko gida, ta rabon gado daga kotun alƙali wadda takan jero magada duka, tsohon fasfon Makka, ijazar ɗarika, takardar sallama ta waɗanda suka je yaƙin Bama (wato ƙasar Burma, lokacin yaƙin duniya na biyu), da wasiƙu. Hotuna kuma ka juya bayansu, sau da yawa akwai hatimin mai hoto da garinsa. Ka ɗauki kowane hoto ka kai gaban tsohuwa ta faɗi mutanen ciki ɗaya bayan ɗaya, ka rubuta da fensir a baya.

Kada ka ce a ba ka takarda ka tafi da ita. Nan rigima take farawa, a ce kana shirin cin gado. Ka ɗauki hotonta a wurin, a inuwa mai haske, gaba da baya, ka mayar a gaban mai ita.

Zuwa tushe

In aka ce daga gari kaza kakanku ya taso, ka je. Ka fara da mai unguwa ko dagaci, ka ce, "Ranka ya daɗe, jikan gidan wane ne, na zo neman dangi." Ka bayyana tun farko cewa ba gona ka zo nema ba, ba sarauta ba. Shi zai haɗa ka da liman da dattawa. Kada ka raina wanzami, domin gidansu ne ya yi wa zuri'arku aski da kaciya da zane, kuma ya san askar Gobirawa daga ta Kabawa ko ta Barebari. Maroƙi da sanƙira suna riƙe da kirarin gidaje, kuma a cikin kirari akwai sunayen kakanni da garuruwa. Sai dai ka tuna sana'arsa yabo ce.

Akwai alamun da ba sa magana da baki. Sunan unguwa yakan nuna asali: a birnin Kano akwai Zangon Barebari da Tudun Nufawa da Agadasawa da Sharifai. Wasan da danginku ke yi ma haka: Fulani da Barebari, Gobirawa da Yarbawa, Katsinawa da Nufawa, Kanawa da Zazzagawa. Tambayi su wa ne abokan wasan kakanka.

Iyakar ƙasa kada ta tsayar da kai, domin dangi sun riga ta. Bayan jihadi sarakunan Haɓe na Katsina sun koma Maraɗi, Gobirawa Tsibiri, na Zazzau suka kafa Abuja wadda yanzu ake kira Suleja. Fataken goro, Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, sun bi hanyar Gwanja zuwa Salaga, da yawa suka yi aure suka zauna a zangon Kumasi. Bayan yaƙin Burmi a 1903 jama'a sun bi Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru zuwa Sudan, inda garin da ke ɗauke da sunansa yake har yau a bakin Shuɗin Nilu. Ga kuma masu tafiya Makka a ƙasa da suka yada zango a Chadi da Sudan ba su dawo ba. Duk wanda aka ce maka "ya yi gabas" ko "ya tafi kurmi", ka buɗe masa shafi, ka rubuta gari na ƙarshe da aka ji labarinsa.

Ma'ajiyar takardun tarihi

Wannan sai ka gama da baki da gida. A Kaduna akwai Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa, inda fayilolin lardunan Arewa suke, da Arewa House. A Kano akwai Gidan Ɗan Hausa, a Sakkwato cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu, a Yamai kuma cibiyar IRSH mai rubuce-rubucen Larabci da ajami. Ka tafi da sunan gunduma da na lardi kamar yadda suke a zamanin Turawa, ka nemi rahoton ƙididdigar haraji na gundumar, domin yakan kawo tarihin garuruwa da jerin dagatai. In kakanka manomi ne ko maƙeri, da wuya ka ga sunansa. Abin da za ka samu shi ne shekarar da aka yi fari ko ƙaura, wadda za ta daidaita maka labarin baka.

Tantancewa

Yanzu ka baje abin da ka tara. Duk bayanin da mutum biyu da ba su zauna tare ba suka faɗa iri ɗaya, ka sa masa alamar ƙarfi. Wanda aka saɓa, ka rubuta ruwayoyin duka da sunan masu su. Ka auna da lissafi: tsakanin uba da ɗa kusan shekara 30 ne. Wanda aka ce ya yi zamani da Shehu Ɗan Fodiyo a 1804, tsakaninka da shi ya kamata a samu hawa shida ko bakwai. In uku aka ba ka, sunaye sun zube a tsakiya, ko kuma an yi ɗori.

Kusan kowane gida za a ce maka daga gabas aka zo. Ka rubuta shi a matsayin abin da gidan ke faɗa, amma kada ka ja layi daga kakanka na biyar zuwa Bayajidda ko wani sharifi ba tare da sunayen tsakiya ba. Jingina kai ga uban da ba naka ba abu ne da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi kakkausan gargaɗi a kansa.

Za ka iya tarar da bauta. Dokar Turawa ta 'yanta waɗanda aka haifa daga Afrilun 1901, ba a kuma soke bautar gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936, don haka maganar ba ta yi nisa ba. Wata kakar sa-ɗaka ce, wani kakan a rinji ya tashi, wani kuma shi ne mai bayin. Ni ra'ayina a rubuta, domin matar da aka raba da garinsu da harshenta ba ta cancanci jikokinta su sake share ta ba. Amma abin da aka ba ka amana, ko wanda zai kunyata mai rai ko ya kashe aure, ka ware shi a wani littafi dabam, kada ya shiga kwafin da za a raba.

Zanawa da adanawa

Ka sami babban kwali ka zana. Kakan da ya fi nisa a sama, matansa a jere bisa tsarin aurensu, 'ya'yan kowace a ƙarƙashinta. Auren zumunci zai sa mutum ya fito a wuri biyu, sai ka sa lambar shafinsa maimakon sake zana zuriyarsa. Mai kwamfuta yana iya amfani da Gramps, manhaja ce ta kyauta da ke karɓar mata fiye da ɗaya, amma littafin hannu shi ne uwa.

Tsohuwar takarda ba ta son laminatin. Na kai wasiƙar kakana wani shago aka manne ta da roba mai zafi, yau tawadar ta dusashe kuma ba damar ɓarewa. Kada ka sa salatif, kada ka sa ƙusar maƙala takarda mai tsatsa. Ka shimfiɗa kowace tsakanin fararen takardu biyu, ka sa a adakar ƙarfe, ka ɗora ta a kan wani abu nesa da ƙasa da bango saboda gara da laima. Kowace shekara bayan damina a buɗe a sha iska a inuwa.

Muryoyi da hotuna kuwa a ajiye su wuri uku: a kwamfuta ko filash, a ma'ajiyar intanet irin Google Drive, da kuma hannun wani ɗan'uwa a wani gari. Waya takan faɗi, a kan sace ta. Ka raɗa wa kowane fayil suna mai ma'ana: shekara, mai magana, gari. In za ka tura hoto ta WhatsApp ka tura shi a matsayin takarda, in ba haka ba zai rage masa kyau har rubutun ya ƙi karantuwa. Bayanan masu rai, kamar ranar haihuwa da sunan uwa, kada ka baza su a Facebook, domin da irinsu 'yan damfara ke aiki.

Daga nan ka buga kwafi ka kai taron zumunci ko washegarin sallah, ka karanta a gaban manya su yi gyara. Kowane ɗaki a ba shi nasa. A zaɓi mutum biyu, namiji da mace, masu ƙarancin shekaru, waɗanda duk aka yi suna ko aure ko rasuwa za su shigar a makon.

A irin wannan karatun ne wata gwaggon mahaifina ta tsayar da ni a kan sunan wata yarinya da na rubuta "an kai ta riƙo, ba a san ƙarshenta ba". Ta ce ai ba ɓata ta yi ba, ƙasar Katsina aka aurar da ita. Ƙanwar kakata ce uwa ɗaya uba ɗaya, kuma ita ta haifi dattijon nan na zaure. Na same shi da rai, ya ba ni sunayen 'ya'yanta tara, na buɗe musu shafi daga na 112.